Shekarar da Tani Ta Daina Jin Ƙanshi

A Bodinga in ka ce Tani, sai a tambaye ka wace Tani. In ka ce Tani mai kunu, har ƙofar gidan za a kai ka. Ba 'yar garin ba ce. A Mandera aka haife ta, cikin ƙasar Shagari, tana da shekara tara mahaifinta ya ba ƙanwarsa Saratu riƙonta. Saratu na zaune a Shagari bakin babbar hanya, inda motocin Jega da na Yawuri kan tsaya fasinjoji su yi salla su jiƙa maƙoshi, kuma kunun zaƙi ne sana'arta. A gindin tukunyarta Tani ta girma.

Can ta koyi jiƙa gero da wanke shi har ruwan ya fito garau. Ta koyi yawan citta da kanumfari da busasshen dankalin da ake haɗawa a kai niƙa. Ta koyi raba ƙullu biyu, a dama babban rabon da tafasasshen ruwa, a jira ya huce, sannan a juye ɗanyen a ciki a rufe ya kwana. Wannan duk aikin ido ne, kowace yarinya za ta iya. Abin da Saratu ta fi matsa mata a kai shi ne na safe, lokacin ɗaga murfi. Takan kama ƙeyarta ta sunkuyar da ita kan randa, ta ce ta shaƙa ta faɗi abin da ta ji.

"Hannu ka damu, amma hanci ka sanin ya yi," in ji Saratu. "Kuma ki kula. Kunu in ya kwana ɗaya musulmi na. In ya kwana ukku ya yi ridda, sai zubarwa."

Aure ne ya kawo Tani Bodinga, gidan Haliru, ɗan kasuwar albasa da kan bi kaya zuwa Ibadan duk rani, ya dawo gab da damina ya kama gona. Ta haifi 'ya'ya mata uku, duk ta aurar. Shekara talatin da ɗoriya tana dama manyan randuna biyu kowace yamma, da safe ta tace ta ɗura a robobi da jarkoki. Rabin kunun na zuwa ƙofar makarantar da ke bayan unguwarsu lokacin tara, sauran a raba tsakanin tasha da bakin asibiti. Tun daga zaure takan gane ko kunun cikin ɗaki ya yi. Akwai ranar da ta wuce gidan wata mai zoɓo, Ummukulthum, ta leƙa ta ce mata ruwan rijiyarta ya canza, kuma da aka duba ƙadangare ne ya faɗa.

Cikin masu sayen kununta akwai mutum ɗaya da take ware wa nasa tun kafin ta zuba sukari. Malam Abdulƙadir, malamin lissafi, mutumin Gwadabawa, dogo siriri mai furfura, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana gidan miji, shi kuma yana zaune shi kaɗai a ɗakin ƙarshe na gidajen malamai, bayan azuzuwa. Yana da ciwon sukari. Yana da 'yar jarkarsa mai shuɗin murfi, kullum yakan miƙo ta a wanke tas. A farkon aikinsa ya koyar a Shagari, don haka in Tani ta zo sukan ɗan taɓa hirar mutanen can, wane ya rasu, wane ya aurar.

Aka shiga shekarar korona. Da farko labarin rediyo ne, na ƙasashen da Tani ba ta san inda suke ba. Sai a ƙarshen Maris aka sallami 'yan makaranta rana tsaka, aka ce kowa ya koma gida sai an neme shi. Ba a daɗe ba aka hana motocin fasinja ƙetare iyakar jiha. Haliru ya bugo waya daga Ibadan ya ce babu hanya, ta yi haƙuri.

Ba wai garin ya mutu ba ne. Ana zuwa fadama, ana zuwa rijiya, awaki na kiwonsu. Amma wani irin shiru ya sauka wanda Tani ba ta taɓa sani ba. Ƙarfen taya da ke rataye a itacen darbejiyar makaranta, wanda da bugunsa take sanin lokaci, ya daina ƙara. Babbar hanyar da ada sai an riƙe hannun tsoho kafin a tsallakar da shi, yanzu kaji ke tono a gefenta, kuma in babbar mota ta taso daga wajen Shagari, sai ka ji ƙuginta tun tana nesa, ka yi ta jira, ta zo ta wuce ba ta tsaya ba. A tasha direbobi na kwance ƙarƙashin motocinsu kamar an shanya su.

Masu abin sha su aka fara kayarwa. Rediyo ya ce cutar na manne wa abin da hannu ya taɓa, su kuwa robobinsu tsintattu ne da ake wankewa a sake ɗurawa, kowa ya san haka. Mai kawo ƙanƙara daga Sakkwato ya daina zuwa. Mai injin niƙa ya ce ba zai tayar da inji don kwano biyu ba, sai an taru. Ummukulthum ta kife tukunyar zoɓonta. Masu kunun aya, wanda ba ya yini in ba sanyi, su ne ma suka riga kowa tsayawa.

Tani ta ƙi yarda da farko. Ta ci gaba da dama randa biyu, ta yi ta dawowa da kaya. Zafin Afrilu kuwa ba ya jira. Robobin da suka kwana sukan kumbura su yi tauri kamar ganga, wata rana da azahar tana kishingiɗe a rumfa ta ji fam daga ɗakin ajiya, can kuma wani fam, kamar mutum na ciki yana harbi a hankali. Ta daɗe a tsaye bakin ƙofa kafin ta iya turawa. Murafe ne ke tashi. Farin kumfa na gangarowa a bango, warin tsami ya cika ɗakin, wari mai kama da abin da ba a ambata a gidan musulmi. Ta kwashe duka ta zubar bayan gida, ta bi da ƙasa ta rufe don kada awaki su sha. Daga ranar ta koma ƙaramar tukunya ɗaya.

Azumi ya kama. Shi ne watan da ada take dama randa biyar, mata na layi a zaurenta tun la'asar. Bana ba a fi mutum bakwai ko takwas ba, kowa da kwanonsa daga gida.

Malam Abdulƙadir bai tafi Gwadabawa ba. Sauran malamai sun watse, maigadi ma ya koma Dingyadi sharar gona, shi ya ce zai jira Salla. Ba wanda ya kai shi bin abin da rediyo ya faɗa. Ya ɗauki alli ya ja layi a kan simintin barandarsa, taku uku daga ƙofa. Kullum bayan la'asar Tani kan ratsa filin makaranta, ta sami jarkar jiya a kife kan layin, ta ɗauka ta ajiye cikakkiya. Ya sayo ta biyu don haka. Shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofa su gaisa.

"Kada ki ga kamar ƙyama ta, Tani," ya ce mata. "Ni da ke dut mun kwana biyu duniya. Irinmu cutar ka so."

Ranar goma ga azumi masassara ta kwantar da ita. Kwana uku tana rawar ɗari cikin zafin da ke fasa ƙasa, gaɓoɓinta kamar an daka. Maƙwabciyarta Bahijja, ma'aikaciyar jinya da aka turo daga Wurno, ita ta ba ta magani ta ce watakila zazzaɓin sauro ne. A rana ta huɗu ta tashi, ta jiƙa gero, ta kai niƙa, ta dama.

Da safe ta ɗaga murfi ta sunkuya. Ba ta ji komai ba.

Ta ƙara sunkuyawa har tururin ya jiƙa mata fuska. Ta fyace hanci, ta sake. Ta ɗauko kanumfari ta murje a tafin hannu ta kai hanci. Ta ɗauko daddawa. Ta shiga ɗakin da Haliru ke ajiye albasa, ɗakin da ko an share shi sai ya sa baƙo hawaye, ta tsaya a tsakiya tana shaƙa. Hancin a buɗe yake, iska na shiga tana fita, amma kamar an kwashe abin da ke cikin iskar. Da aka sha ruwa ta kurɓi kunun, ta ji shi kamar ruwan ɗumi mai kauri. Ta zauna da kofin a hannu tana kallon tsakar gidanta, murhu na hayaƙi, akuya na nan, komai na wurinsa, amma sai ta ga kamar hoton gidan aka ajiye mata. Ba ta faɗa wa kowa ba. Mai kunun da ba ta jin ƙanshi, wa zai sake miƙo mata kwano?

Ranar Asabar ta koma makaranta. Ƙofar Malam a rufe, abin da bai saba ba. Ta yi sallama, ya amsa daga ciki, muryar a dishe.

"Kwana huɗu ban gane ki ba."

"Masassara ta taɓa ni, Malam."

 Can ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi. Aje nan. In da hali, gobe ki cika ta har wuya."

Tana juyawa ta ga takalman roba a gefen ƙofa, sun sha tafiya, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya. Malam ba ya sa irinsu. Ta ce a ranta watakila maigadi ne ya dawo.

Ranar Lahadi da ƙyar ta ji abin da yake cewa. Tari na katse shi. Ta ce bari ta kira Bahijja, ya ce a'a, mura ce, kada a tara masa jama'a. Ya ce muryar na ba shi wahala, in ta zo ta yi sallama zai buga ƙofa sau biyu, ta san ya ji.

Litinin ta yi sallama, aka buga sau biyu. Talata haka. Laraba ma haka, bugu biyu a hankali, daga ƙasa-ƙasan ƙofar, kamar na wanda ke kwance. Kullum jarkar jiya na kife kan layi, a wanke, ba ɗigo. Wannan ne ya kwantar mata da hankali, don ta ce wanda ke shanye jarka guda kuma ya wanke bai kai ga halaka ba. Takalman kuwa tun Talata ba su nan.

Ranar Alhamis tun daga tsakiyar fili ta ga ungulaye uku a kan rufin gidajen malamai. Ba su tashi ba da ta matso, sai dai suka juyo da kai. Ta ɗauki jarkar jiya, ta ajiye ta yau, ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Sai ta lura da tagar. Ada gilashinta fari ne mai duhu-duhu, yau ya yi baƙi, kuma baƙin na motsi. Ta tsallake layin allin, karon farko, ta matsa. Ƙudaje ne, manya koraye, sun lulluɓe gilashin daga ciki, ana jin gunjinsu kamar injin da ke aiki can nesa.

Ba ta taɓa ƙofar ba. Ta koma ta kirawo Bahijja, wadda ta dawo daga aiki ke nan. Suna shiga ƙofar makaranta, da sauran fili guda tsakaninsu da ɗakin, iska ta kaɗo, Bahijja ta ja burki ta danne hanci da gefen hijabinta.

"Inna lillahi. Inna Tani, nan kike zuwa kullum?"

"Awo."

"Ba ki ji ba?"

"Mi?"

Bahijja ta kalle ta ta daɗe. Sannan ta ciro waya.

Kafin magariba mutane huɗu suka zo da mota, fuskokinsu a rufe, hannuwa cikin safar roba. Mai unguwa da liman suka tsaya daga nesa. Aka ɓalle ƙofa. An same shi kwance kan tabarma can ƙuryar ɗaki, an juya shi yana fuskantar alƙibla, an lulluɓe shi da zane tun daga kai har ƙafa, an ɗaure masa haɓa. Ba a iya yi masa wanka yadda aka saba ba. Mutum tara suka yi masa salla, tsakanin kowane da ɗan'uwansa akwai wurin mutum biyu. Malamin da rabin samarin unguwar suka bi ta hannunsa.

Babban cikin ma'aikatan ya tambayi wanda ya gan shi ƙarshe, aka nuna Tani. Ta ce jiya ma ya buga mata ƙofa. Mutumin ya girgiza kai.

"Inna, wanga bawan Allah ya kwana ukku, ko kusa da haka."

Akwai kunnuwa a wurin. Washegari labarin ya gama unguwa: matacce na shan kunun Tani, yana wanke jarka, yana buga ƙofa. Wasu suka ce to wa ya lulluɓe shi? Wasu suka ce makarantar dama a kan tsohuwar maƙabarta take, abin da ba a taɓa ji ba sai ranar. Mutum bakwai ɗin nan da ke zuwa da kwano, ranar Juma'a biyu suka zo, su ma ba su haɗa ido da ita ba.

Bahijja ta shigo ta tsaya daga bakin rumfa, takunkumi a fuska. Ta ce rashin jin ƙanshin nan yana cikin alamomin da ake faɗa, ta zauna gida, ta daina dama kunu na mako biyu. Tani ta amsa da to. Bayan fitarta ta shiga lissafin kwanaki. Kafin ta kwanta ciwo ta kai masa jarka da hannunta, kullum. Shi ya ja layi, ita ta riƙa tsallakar da abu kan layin.

Ranar Asabar da hantsi ta tuna jarkar da ta bari cike ranar Alhamis. A wannan zafi za ta fashe a barandar mamaci. Ta yafa mayafi ta fita ta bayan gida.

Rana ta take, filin makaranta fari fat, ba inuwar komai sai ta darbejiya. An sa sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin. Jarkar na nan kan layin alli, a kife. Ta ɗaga ta. Ba komai ciki, an wanke, har da sauran danshi a wuyanta.

 Ta tsaya da jarka a hannu tana karanta duk abin da ya zo bakinta. A nan ta ji tari. Ba daga ɗakin ba, daga azuzuwa, tari busasshe na mai ƙoƙarin danne shi.

Har yau ba ta san abin da ya sa ta bi sautin ba. Ta bi baranda tana leƙa aji ɗaya bayan ɗaya. Kujeru a jere, ƙura ta kwanta a kansu, kashin awaki a ƙasa. A allon wani aji kwanan watan Maris na nan da rabin lissafin da ba a gama ba, da rubutun Malam. A aji na ƙarshe, can baya inda aka tara karyayyun bencina, ta ga takalman roba, ɗaya ɗaure da waya. Sannan ta ga ƙafafun da ke kusa da su.

Mutum ne kwance kan buhu, ya rame har idanunsa sun faɗa. Ya yunƙura ya jingina da bango, ya ɗaga hannu.

"Kada ki matso, Gwaggo Tani."

Muryar ta fara ganewa kafin fuskar. Saminu ne, ɗan Sodangi, maƙwabcin gidansu na Mandera, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ke dako a wata kasuwar Kano duk rani.

Daga bakin ƙofa ta ji labarin, yana yi yana hutawa. Da aka rufe Kano aiki ya tsaya, kuma kullum ana wucewa da gawa ta gaban rumfar da suke kwana. Ya fito da ƙafa. Wani wuri ya hau bayan motar kaya, wani wuri ya ratsa daji don kauce wa shinge. Kwana goma sha ɗaya. A hanya zazzaɓi ya kama shi, a hanya kuma ya ji yadda ake yi da wanda aka ce daga Kano yake, ba mai ba shi ko ruwa. Ya ji tsoron kai wa 'ya'yansa da tsohuwarsa. Da ya iso Bodinga ya tuna malaminsu na firamare a Shagari yana nan.

"Na tsaya bayan layin nan, na hwaɗa mai gaskiya, na ce daga Kano nike kuma ban da lahiya. Ruwa kawai na roƙa. Sai ya tsallako ya kama hannuna."

"Lahiya lau ka ishe shi?"

"Shina ɗan tari. Amma bai kai haka ba. Ni na kashe shi, Gwaggo."

"Ko ni," in ji Tani. "Allah kaɗai ya sani."

Malam ya cika ranar Litinin, ana kiran magariba, kansa a cinyar Saminu, ya samu kalmar shahada. Saminu ya rufe masa ido, ya juya shi, ya lulluɓe shi. Ya fito zai je gidan mai unguwa, ya kai ƙofar makaranta, ya hango mutane, ya dawo. Washegari ya sake kaiwa nan, ya sake dawowa. Ya ce ya ga yadda za a taru a kansa, baƙo daga Kano da gawa a ɗaki. Tun ranar bai ƙara shiga ɗakin ba, ya ja ƙofar ta kulle kanta, ya dawo ajin nan. In ta ajiye jarka ta tafi, sai ya lallaɓa ya ɗauko. Ita ce abincinsa. Yana wankewa a famfon makaranta don haka ya ga Malam na yi.

"Na bar shi kwana ukku ba sutura," ya ce. "Mutumin da ya koya min rubuta sunana." Ya kifa fuska a gwiwa.

Tani ta bar shi ya yi kukansa. Da ya lafa ta ce, "Da ka buga min ƙohwa Talata da Laraba, da magana ka yi, da mun san abin yi."

Ya ɗago. "Wace ƙohwa?"

"Ta Malam. Bugu biyu."

"Ni ban buga ba, Gwaggo. Ina nan ina hangen ki ta taga. Na ga kin tsaya kamar kina saurare, kin gyaɗa kai, kin tahi."

Ta dube shi, ba ta ga alamar ƙarya ba, kuma ba ta ga abin da ƙaryar za ta amfane shi ba. Daga baya ta faɗa wa Bahijja wannan, ita kaɗai. Bahijja ta ce ƙofar ƙarfe ce, in rana ta juya takan yi ƙara da kanta. Tani ta ce haka ne. Ba su sake tayar da zancen ba.

A ranar ta je ta sami Bahijja, Bahijja ta sami shugabanta da mai unguwa. An yi ta ja-in-ja a zaure, wasu na cewa a kori Saminu, liman ya ce mai son haka ya tashi ya kore shi da hannunsa. Aka bar shi a ajin har mako biyu, Bahijja na kai magani, Tani na dafa abinci ana ajiye masa a baranda. Ba a taɓa gwada shi ba, ba a gwada ta ba, ba a gwada Malam ba. Bayan Salla da 'yan kwanaki wani ɗan'uwansa ya zo da babur ya tafi da shi Mandera.

Ruwan farko ya sauka a wannan makon. Mata suka fito tsakar gida suna cewa kai, ƙanshin ƙasa. Tani ta tsaya cikin ruwan har zanenta ya jiƙe, sannan ta koma ɗaki.

Haliru ya dawo a Yuli, shuka ta riga ta wuce shi. Hancin Tani ya fara dawowa wajen kaka, amma a karkace. Citta na mata warin ƙonanniyar roba, nama kuwa ba ta iya zama kusa da shi. Ta koma sana'a da dabarar da ba wanda ya koya mata: da safe ta kanga kunne a bakin randa ta saurari 'yar ƙarar shuu da kunu ke yi in ya tashi, ta murza shi tsakanin yatsu, sannan ta miƙa wa Haliru ludayi ya ɗanɗana. Masu saye sun dawo sannu a hankali, ba duka ba. Akwai masu cewa kunun bai kai na da ba, ita ma ba ta musu. Ummukulthum ba ta sake tayar da tukunyar zoɓo ba, ta koma sayar da itace.

Da aka buɗe makarantu aka buƙaci ɗakin, sai 'yar Malam, Mansura, ta zo daga Gwadabawa kwashe kayansa. A waya aka gaya mata rasuwar, ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba. Da ta gama ɗaure littattafai da rediyo ta nemi gidan Tani. Ta zauna bakin tabarma da goyo a baya, ta tambaya ko ya sha wahala, ko ya bar wata magana.

"Ni daga waje nike, ɗiyata," in ji Tani. "Wanda ad ciki shina Mandera."

Washegari suka hau mota zuwa Shagari, daga can suka hau babura. Ana cikin girbin gero. Suka sami Saminu a gona, ya yi ƙiba kaɗan, yana ɗaure dami. Da Tani ta faɗa masa ko wace ce, sai ya saki igiyar ya durƙusa a cikin karan, ya kasa ɗaga kai. Mansura ta kwance goyonta ta miƙa wa Tani, ta je ta zauna a kan dami kusa da shi.

Tani ta koma gindin wata tsamiya da jaririn. Daga nan ba ta jin abin da suke faɗa, sai dai ta ga yana magana yana nuna cinyarsa, yana nuna gabas. Sun daɗe. Da Mansura ta taso idanunta sun yi ja. Ta karɓi ɗanta ta goya, ta gyara mayafi.

"Ya hwaɗa min dut, har abin da ya kasa yi," ta ce. "Na ce mai ya je ya nemi gahwarar Allah, ni ban riƙe shi ba. Wata biyar ina ganin Baba ya cika shi kaɗai cikin ɗaki. Ashe da mutum."

Saminu ya raka su har bakin hanya ɗauke da damin gero guda a ka, ya ce lallai sai Mansura ta tafi da shi. Mai babur ya ce ba wurin ɗaurawa. Aka tsaya ana neman igiya.